Yarinyata tana tangaɗi a ajin rawar bale, abla (malamarsu) ta ce mu sayi katakon daidaito, dole ne?

Maman Hanan (Jidda)

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya, ya zafi. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar motsa jiki ko masu yara a irin wannan ajin. Yarinyata shekararta 10, tana zuwa koyon rawar bale a wani nadi na mata zalla nan Jidda, sau biyu a sati bayan la'asar, yanzu ta shiga shekara ta biyu kenan. Tun farko ba wai don ta zama 'yar rawa muka sa ta ba, zaman gida da waya ne ya yi mata yawa, kun dai san yanda garin nan yake, daga mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ɗin gida sai na mota sai na makaranta, yaro bai san rana ba bai san ƙasa ba. To ita kuma sai abin ya shiga ranta sosai, ko ina a gidan nan a ɗage take tafiya har kicin.

Matsalar ita ce ablarsu ta ja ni gefe ta ce jikin Hanan akwai laushi masha Allah, ƙafa har kunne take ɗagawa, amma fa ba ta da tsayuwa. In tana riƙe da sandar nan ta jikin bango komai lafiya lau, da zarar an ce su saki su dawo tsakiyar ɗaki su tsaya da ƙafa ɗaya su yi ɗage shikenan sai idon sawun ya fara kaɗawa ciki da waje, hannu na lalube a iska, sai ta dire. Na leƙa na gani da idona, gaskiyar ablar ce. Juyi kuwa ba a magana, ɗaya biyu jiri ya kwashe ta ta nufi bango tana dariya.

Shi ne ablar ta ce mu saya mata wani katako mai zagaye da ɗan tudu a ƙasansa wanda ake hawa yana karkacewa, ta riƙa yi a gida. Na duba a intanet na ga kala kala, akwai na katako akwai wani babba na roba mai iska a ciki shi kuma da ɗan tsada. Ba kuɗin ne ya dame ni ba wlh, gidanmu duk tayil ne, tsoro nake ta hau abin nan ya watsar da ita a zo ana neman mustashfa (asibiti) da dare kuma babanta dama da ƙyar ya yarda da zancen ajin.

Tambayoyina su ne, shin katakon nan dole ne ko akwai abin da za ta yi ba shi? Sannan jirin nan ciwo ne ko kowa haka yake farawa? Na uku kuma, ƙawayenta biyu an ba su izinin sa takalmin nan da ake tsayawa a kan tsinin yatsu, ita an hana ta, kuka kullum, har ta ce in saya mata a ɓoye ta riƙa gwadawa a ɗaki. Ban saya ba dai tukuna.

Hajiya ta Makka

Wa alaikumus salam 'yata. Ni dai ban san kan wannan rawar taku ta zamani ba, amma maganar tsayuwa na san ta. Yaran yanzu ba sa taka ƙasa ne kawai. Mu da muka taso gidanmu a kan jabal yake, mota ba ta zuwa ƙofa, matakala ce ka hau ka hau har numfashi ya ɗauke, kuma da kaya a ka, wani lokacin ƙafa ba ko silifa, dutse nan rami can. Wa ya taɓa saya mana katako? Har yau da girmana ina sa takalmi a tsaye ban jingina da kowa ba alhamdulillahi. Ki bar ta ta riƙa yawo ba takalmi a gida, ki kai ta bakin bahar da yamma ta yi gudu a cikin yashi, ku da kuke Jidda ma me za ku nema. In akwai 'yan uwanta su yi langa a falo.

Abu ɗaya zan ja kunnenki, ki tabbatar wurin nan mata ne zalla kamar yadda kika ce, kuma ki sa ido a kan masu ɗaukar yaran mutane a waya suna watsawa. Wannan ya fi damuna da jirin.

Ummu Rayyan (fisiyo, Riyad)

Maman Hanan sannu da ƙoƙari. Hajiya Allah ya ƙara girma, wlh maganarki ta yashi da langa babu abin zubarwa a ciki, mu ma abin da muke sa marasa lafiya kenan sai dai mu a cikin ɗaki da kayan roba masu tsada.

Ni aikina gashi da motsa gaɓoɓi ne, yawanci masu targaɗe da waɗanda aka yi wa aiki a gwiwa da tsofaffi masu yawan faɗuwa nake gani, amma tunda aka fara darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati a 2017 kuma wuraren wasanni na mata suka yawaita, yara irin taki sun fara zuwa mana.

Abu uku ne ke tsayar da mutum. Ido, sai can cikin kunne inda akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a ciki da ke jin juyawar kai, sai kuma saƙon da tafin ƙafa da idon sawu da sauran gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa ga inda muke, ga inda nauyi ya karkata. Ƙwaƙwalwa ta haɗa ukun ta ba tsoka umarni ta gyara, duk cikin ƙiftawar ido. Masu rawar bale an san su da dogaro da na farkon fiye da kima saboda rayuwarsu duk a gaban madubi take, shi ya sa in aka gwada su ido buɗe sun fi kowa, amma in aka ce su rufe ido ratar da ke tsakaninsu da sauran mutane sai ta ragu sosai. Ki gwada ta yau ki gani, ba safa, kusa da bango, ta tsaya da ƙafa ɗaya tafin ƙafa a shimfiɗe ki ƙirga, sannan ta rufe ido ki sake ƙirgawa, ki yi wa dama ki yi wa hagu. Kowa yana raguwa in ya rufe ido wannan ba komai, amma in tana rufewa ta dire nan take to ido ne ke mata duk aikin, ƙafar tana barci.

Sai maganar laushin jiki da ablar ta yaba. Gaskiya ni in na ji uwa ta ce ɗiyata ƙafa har kunne sai in ɗan gyara zama. Yaro mai sakakkun gaɓoɓi jijiyoyin da ke ɗaure masa ƙashi da ƙashi ba su da tauri kamar na sauran, don haka aikin riƙe gaɓar ya dawo kan tsoka, in tsokar ba ƙarfi sai kaɗawar nan da kika gani. Irin su ba ƙarin miƙa suke buƙata ba, sun riga sun samu kyauta, ƙarfi suke buƙata. Ki ƙara da cewa shekara 10 zuwa 13 lokacin da 'ya mace ke zabura ta yi tsawo ne, ƙashi ya riga tsoka tafiya, ƙafar da ta sani bara ba ita ce ta bana ba, sai ki ga yarinyar da ke tsayawa daram ta koma tuntuɓe da ƙofa. Yana wucewa, kar a yi mata faɗa a kai.

Abin da zan ce ta yi, kuma a bi shi a jere kar a tsallake. Ta fara da sanin tafin ƙafarta. Wuri uku ne ya kamata su danne ƙasa, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa, da diddige, kamar duwatsun murhu, in ɗaya ya ɗaga tukunya ta karkace. Yatsun kuma su kwanta a miƙe, ba ta ƙudundune su tana ƙoƙarin damƙar tayil ba, yawancinsu haka suke yi in sun ji za su faɗi.

Daga nan sai ɗage, yatsa biyu a jikin bango don kariya kawai ba jingina ba, ta ɗaga diddige a hankali har ƙarshe ta sauko a hankali, gwiwa a miƙe, da ƙafa biyu tukuna in ya zauna sai da ɗaya. Ki tsuguna a bayanta ki kalli diddigen, ya tafi sama sak, nauyi a tsakanin babban yatsa da mai bi masa. In kika ga idon sawun ya fara turowa waje nauyi ya koma kan ƙaramin yatsa to ta gaji, a tsaya, don ta wannan hanyar ce ake gurɗewa, kuma gurɗewar idon sawu ta waje ita ce raunin farat ɗaya da ya fi samun masu rawar nan. Babban kamfanin bale na Ostireliya sun yi suna a kan wannan ɗagen, likitocinsu sun lura cewa masu iya yin 25 ko fiye da ƙafa ɗaya sun fi tsira daga ciwon idon sawu da sha-raɓa, sai suka saka shi cikin darasin kullum. Amma waɗancan manya ne ƙwararru, kar ki tsare yarinya ki ce sai ta yi 25, takwas masu kyau sun fi ashirin na hauka.

Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya, ta yi lokacin goge baki ma ya isa. In ya yi sauƙi ta rufe ido. In ya yi sauƙi ta hau tawul da aka ninka ko filo mai ɗan tauri. In ya yi sauƙi ki riƙa jefa mata ƙwallo tana cafewa, ko ta riƙa juya kai dama da hagu. Akwai kuma wanda nake so, ki manna salatif a ƙasa gaba da baya da gefe gefe, ta tsaya a tsakiya da ƙafa ɗaya ta ɗan durƙusa ta miƙa ɗayar ta taɓa kowane layi da ɗan yatsa ta dawo ba tare da ta sauke nauyi a kai ba. A nan ki kalli ƙugu da gwiwa, in ƙugun ɓangaren da ke sama ya zube ko gwiwar da ke tsaye ta faɗa ciki to ba idon sawu ne kaɗai mai laifi ba, tsokar gefen ɗuwawu ce ba ta riƙe, kuma wannan ina ganinsa kullum.

Katakon fa? Ba haramun ba ne, yana da amfani musamman ga wanda ya taɓa targaɗe don kar ya sake. Amma shi ne na ƙarshe a layi ba na farko ba, kuma daidaito abu ne da jiki ke koya a kan ainihin abin da aka maimaita, mai hawa katako kullum zai ƙware a hawa katako ne, ba lallai ya bi shi har tsakiyar aji ba inda ƙasa ba ta motsi ita ce ke motsi. Wadda ba ta iya tsayawa a ƙasa mai kyau ba me za ta je yi a kan mai karkacewa.

Minti goma a rana ya wadatar. Jirin kuma in lokacin juyi ne kawai ba komai. In tana jinsa tana zaune, ko in ta miƙe tsaye ido ya yi duhu, ko da ciwon kunne ko ciwon kai ko amai, wannan ba na abla ba ne, a kai ta a duba kunne da jini.

Ɗan Mai Wurno

Salam jama'a. Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, ni ba ni da 'yar rawa amma maganar jirin ce ta tsayar da ni. Lokacin da nake karatu a Khartum kafin wannan yaƙin da ya tarwatsa mu, duk Juma'a da yamma mukan tsallaka Omdurman wajen ƙubbar Shehu Hamad al-Nil kallon zikirin darwishai. Wanda ya taɓa zuwa ya sani, ana buga ganguna ana turare an yi babban da'ira, ga su nan da jallabiya kore da ja, sai ka ga wani dattijo ya fita tsakiya ya kama juyi, wani ma a kan ƙafa ɗaya, ƙura na tashi, ya yi ta yi har ka gaji da kallo, in ya tsaya kuma ya taka ya koma cikin sahu abinsa. Ba na cewa ba mai faɗuwa, akwai, amma tsofaffin hannu ba ka ganin sun yi layi. Mu kuwa muna yara a Mai Wurno in muka yi hajijiya sau kaɗan sai ka ga sama ta dawo ƙasa kowa ya zube.

To Malama likita tambayata, su waɗannan ba madubi ba abla ba katako, ƙasa ce da tsakuwa. Mutanenmu za su ce ai hali ne ya ɗauke su, ni ba zan yi musu a kan wannan ba, amma ta ɓangarenku na asibiti me ke faruwa a kunnen nasu? Ruwan da kika ce yana cikin bututun ƙafewa yake yi ko yaya?

Zee (Jidda, da can Alƙahira)

Anti Maman Hanan ina wuni. Ni na yi bale tun ina firamare har na gama sakandare lokacin muna zaune a Alƙahira, malamarmu ta fito ne daga babbar makarantar bale ta can wadda aka kafa a 1958 da taimakon malaman Rasha, so tsarin Rasha ta yi mana, ba wasa ba dariya, in ta tafa hannu sau ɗaya kowa ya shiga taitayinsa lol.

Jirin Hanan ina ga ba a koya mata aikin kai ba ne ko an koya bai zauna ba. Ga yanda ake yi, a manna wani abu a bango daidai tsayin idonta, ko ɗan jan salatif. Ta tsaya ta kafa masa ido, ta fara juyawa a hankali da 'yan ƙananan taku, jiki na tafiya amma fuska na nan a kan salatif ɗin, har sai wuya ya ce ba zan iya ƙari ba haɓa ta kusa kafaɗa, sai ta wurga kan da sauri ya zagayo ya riga jikin isowa ido ya sake cafke salatif ɗin, sannan jiki ya ƙaraso. Kai ne na ƙarshen tafiya shi ne na farkon dawowa. Haɓa a daidai, kar ta sunkuya kar ta ɗaga, wuya a sake, in ta ɗaure wuya da kafaɗa ba zai yiwu ba. A fara a tafe a hankali ƙafa biyu a ƙasa, dama da hagu, sai an daɗe kafin a kai shi cikin juyi na gaske. Da wannan ne ake yin juyi 32 ɗin nan a jere a kan ƙafa ɗaya na wasan Swan Lake, wanda 'yar Italiya Pierina Legnani ta yi a Rasha a 1895 har yau kowace babbar 'yar rawa sai an auna ta da shi.

Anti Ummu Rayyan na yarda da kusan duk abin da kika ce amma a ba ni dama in ɗan saɓa a kan rufe ido. Yana da kyau a matsayin gwaji da ɗan motsa ƙafa, amma ba wanda ke rawa ido rufe, matsalarmu ba ido ba ce madubi ne. Yarinya ta saba tana kallon kanta tana gyarawa, ranar wasa a hau dandamali ba madubi, gaba duhu, fitila na dukan ido daga gefe, sai ki ga wadda ta fi kowa a aji tana rawar sanyi. Malamarmu takan juya mu mu ba madubi baya rabin darasi, ko ta ja labule a kansa gaba ɗaya, ranar kowa sai ya raina kansa. Ki roƙi ablar ta riƙa yin haka, kyauta ne.

Sannan sandar bango. Yara da yawa rataye suke a jikinta ba su sani ba, ki duba hannun Hanan in ta riƙe, in kika ga ta damƙe har yatsu sun yi fari to sandar ce ke tsaye ba ita ba. Hannu ɗorawa ake yi kawai, kuma a ƙarshen kowane motsi a saki a ga ko ana nan.

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓo, buɗe ƙafa. Kun san a bale ana juya ƙafafu waje, tsayuwar ƙafa iri biyar ɗin nan ta bale da aka tsara tun zamanin Sarki Louis na 14 na Faransa wanda ya kafa makarantar rawa a 1661. Juyawar daga ƙugu take fitowa, kuma kowa da iyakar da Allah ya yi wa ƙashinsa. Yara masu laushi irin Hanan sai su murɗe tafin ƙafa ya koma layi ɗaya, yatsun dama na kallon dama na hagu na kallon hagu, don abla ta yaba alhali ƙugu bai kai nan ba, sai tafin ya kife ciki, gwiwa na kallon gaba yatsu na kallon gefe, ɗuwawu ya turo baya ciki ya turo gaba. A haka ko wace ce ba za ta tsaya ba, ga ciwon gwiwa na jira. Ta rage buɗewar zuwa inda gwiwa ke kallon saitin yatsun tsakiya, wlh wani lokacin wannan kaɗai sai ki ga tangaɗin ya ragu a take.

Kuma ki ce mata ta riƙa numfashi! Muna ɗauke numfashi mu sandare wai kar mu motsa, alhali ko manyan da kike gani sun tsaya cak a bidiyo in kika matso kusa idon sawunsu na ta 'yan gyare gyare ƙanana. Sandarewa ita ke kayar da mutum.

Maman Hanan (Jidda)

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, Hajiya in sha Allah ina sa ido, wurin ko waya ba a bari a shiga da ita ɗakin. Ummu Rayyan na gwada ta bayan magariba, ido buɗe ta ɗan jima musamman a dama, tana rufewa kuwa ko bismilla ban gama ba ta dire, hagun ma abin dariya, kuma yatsun nan a ƙudundune kamar yadda kika faɗa. Zee ita ma maganar sandar gaskiya ce, da kanta ta ce min in ta gama darasi hannunta ke ciwo ba ƙafa ba.

Saura maganar takalmin ba wadda ta ce komai, ita kuma nan ne rigimar take. Sannan a ina za ta riƙa yi, kan tayil ɗin ko in shimfiɗa darduma?

Ummu Rayyan (fisiyo, Riyad)

Zee ba mu saɓa ba ƙanwata, rufe idon na tayar da ƙafa daga barci ne, juya wa madubi baya kuma shi ne na aji, a haɗa duka. Maganar buɗe ƙafar ma kin fi ni gaskiya, da ita ya kamata in fara.

Malam Ɗan Mai Wurno Allah ya kawo muku zaman lafiya a Sudan. Ruwan ba ya ƙafewa, yana nan. Abin da ke kawo jiri shi ne in ka tsaya ruwan bai tsaya tare da kai ba, yana ci gaba da tura 'yan gashin da ke jin motsi, kunne na cewa ana juyawa ido na cewa an tsaya, rigima ta kaure. Wanda ya shekara da shekaru yana juyi ƙwaƙwalwarsa ce ke koyon rage sauraron wannan saƙon. An gwada wannan a jami'ar Imperial College ta Landan, sakamakon ya fito a 2013, suka ɗauko mata masu bale 29 da mata masu tseren tuƙa kwale-kwale 20, aka ɗora kowacce a kujera mai juyawa a ɗaki mai duhu, in an tsayar da kujerar sai ta riƙa murɗa wani hannu daidai yadda take jin har yanzu tana juyawa. Masu bale jirinsu ya fi saurin wucewa, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani yanki a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya da ke karɓar saƙon kunne ya fi ƙanƙanta a wurinsu. Ka lura a duhu aka yi, babu salatif ɗin Zee balle a kafa masa ido, kenan sabo ne ya shiga ciki. Masu juyi a kan ƙanƙara ma ba sa wurga kai irin na bale saboda gudun ya yi yawa, sabon ne ke riƙe su, ina kyautata zaton dattijon naka ma haka ne ta ɓangarenmu.

Takalmi kuma Maman Hanan dan Allah kar ki saya, ko a ɓoye ko a sarari. Ablar ta yi daidai a nan. Bakin takalmin nan ba katako ba ne kamar yadda mutane ke zato, yadi ne da takarda da gam aka jera aka daskarar, kuma ba shi ke ɗaga mutum ba, ƙafa ce ke ɗaga kanta shi tallafi kawai yake, duk nauyin jiki a kan ɗan wurin da bai fi faɗin yatsu biyu uku ba. Ƙungiyar likitoci da masanan lafiyar masu rawa ta duniya, IADMS, shawararsu ita ce kar a fara kafin shekara 12, kuma mai zuwa aji sau biyu a sati sai a shekararta ta huɗu ta koyo, mai zuwa sau ɗaya ma kar ta fara sam, sannan ko shekarun sun kai in ƙugu da ciki ba ƙarfi ko gaɓoɓin sun cika saki a jinkirta a gina ƙarfi tukuna. Hanan shekara 10, shekara ta biyu, ga laushi, ga gwajin da kika yi da kanki yau. Ƙashin ƙafarta ma bai gama ƙwari ba. Su ƙawayen nata ban san shekarunsu ba don haka ba zan ce komai ba. In lokacin ya zo kuma ba a intanet ake saya ba, sai an je an gwada a ƙafa tare da wadda ta sani.

Tayil ɗin ba laifi in tsayuwa ce da ɗage, ƙafa tsirara ba safa, kuma a tabbatar ba a jima da goge shi da ruwa ba. Darduma a kan tayil zamewa take, gara tabarmar roba ta motsa jiki mai kama ƙasa. Ta tsaya kusa da bango nesa da teburin gilas da bakin gado. Tsalle da juyi da sauri kuwa a bar su sai a aji, tayil a kan siminti ba ya sassauta wa gwiwa da ƙwauri ko kaɗan. Ki fara mata da hagun tunda ita ce mai rauni, bayan sati shida ki sake ƙirgawa ido rufe ki rubuto mana abin da kika samu.